Harafi Biyu da Ƙugiya Ɗaya

Ranar Litinin da safe Mai Rajista ta aiko a kira ni, alhali kuwa ranar sa hannuna Alhamis ce. Tun ina hawa matakalar benen na san takardar asibitin nan ta isa gabanta.

Ita ce jami'ar da kotu ta ɗora wa alhakin sa ido a kaina. Ofishinta ɗan ɗaki ne a ƙarshen baranda, mai taga ɗaya da kujera biyu, da wata fanka da ke juyi kamar wadda aka tilasta wa aiki. Alhamis arba'in da bakwai na shiga ɗakin nan na sa hannu a babban littafinta, ban taɓa makara ba, ita kuma ba ta taɓa ce mini komai ba in ban da "Allah ya kai mu ta sama." A ranar ko littafin ba ta buɗe ba.

"Zauna, Safiyo."

Na zauna. Ta turo mini kwafin wata takarda.

"Hannun wa ke nan?"

"Nawa ne, Hajiya."

"Na so a ce ka musa, ko na minti ɗaya ne." Ta cire tabarau ta murza idanu. "Karanto mini sharuɗɗanka, da ka."

"In zo in sa hannu kowace Alhamis kafin ƙarfe goma. Kada in sa hannu a wata takarda a madadin wani. Kada in kusanci ɗaya daga cikin waɗanda suka kai ƙara, ko mutanen gidansu."

"Uku ke nan. Shekarata ashirin a kan kujerar nan. Na ga mai karya ɗaya, na ga mai karya biyu, amma wanda ya tattara ukun ya karya kafin azahar, a kanka na fara gani. Kuma duk ba su suka dame ni ba. Dubi nan."

Ta ɗora yatsa a kan gurbin da aka ce a rubuta dangantaka da mara lafiya. Harafi biyu ne kacal a ciki, da rubutuna: ɗa.

"Mai gabatar da ƙara zai ce wanda aka kama da ƙarya a takarda ya sake yin ƙarya a takarda. In alƙali ya yarda, shekara biyun nan da aka jingine maka za su sauko a kanka. Laraba ta sama za a zauna."

Na yi mata godiya na fito. Ban san dalilin godiyar ba.

Ga yadda na sami kaina a cikin littafinta. Da na gama jami'a, wani kamfanin sayar da filaye ya ɗauke ni aikin awon ƙasa. Mai kamfanin yakan kawo mini taswira a ofis ya ce an riga an auna, in sa hannu kawai. Ni kuma, da zafin sabon digiri da daɗin jin ana kirana Safiyo, na riƙa sa hannu a kan filayen da ƙafata ba ta taɓa takawa ba. Ranar da ta bayyana cewa fili ɗaya mutum biyar aka sayar wa, mai kamfanin ya ɓace, sa hannuna kuwa yana nan daram a gindin kowace takarda. Ban wahalar da kotu ba, na amsa laifina. Aka yanke mini ɗaurin shekara biyu na je-ka-gyara-halinka, da wata goma sha takwas a ƙarƙashin sa ido.

Cikin mutum biyar ɗin akwai Hedimasta. Shi ya kama hannuna ya koya mini riƙon fensir a aji ɗaya. Shi ne kuma mahaifin Auta, wadda saura wata uku a ɗaura mana aure da ita. A gaban alƙali ya ce, "Ban duba fili ba, ban duba kamfani ba. Sa hannun yaron nan na duba." Na fi son a ce mari ya kwaɗa mini a ranar. Daga kotun ya koma gida ya ce kada a sake ambaton sunana a ƙarƙashin rufinsa.

Wata goma sha ɗaya ban ga Auta ba, ban ji muryarta ba. Na goge lambarta daga wayata, amma na kasa goge ta daga kaina.

Sai waccan Alhamis. Ofishin fansho yana ƙasan benen da nake zuwa sa hannu. Goma saura kwata na shigo harabar, na hango shi yana saukowa daga matakalar ƙofar ofishin da fayil a hammata. Na juya da niyyar kauce masa, kamar yadda doka ta ce. Ƙarar faɗuwarsa ce ta juyo da ni. Goshinsa ya bugi gefen siminti, takardunsa suka watse, mutane suka kewaye shi kowa na cewa a kawo ruwa, babu wanda ya sunkuya.

Na kalli agogo. Ba zan ɓoye wannan ba, na kalla. Mataki ashirin da biyu ne tsakanina da littafin Mai Rajista. Sai na ga kaina na goya shi ina gudu zuwa bakin titi ina tsayar da tasi.

A tagar karɓar marasa lafiya, matar da ke ciki ta ce ba za a shiga da shi ba sai wani nasa ya sa hannu.

"Me kake a wurinsa?"

"Babana ne."

"To rubuta, ka yi sauri."

Biron da ta miƙo mini yana ɗaure da zare, tawadarsa tana yankewa. Ban rubuta da harshen ofis ba. Abin da bakina ya faɗa shi hannuna ya bi. Da aka wuce da shi na ba matar lambar Auta ta kira, na bar asibitin kafin su iso. Ƙarfe biyu na isa wurin Mai Rajista, kafaɗar rigata ta bushe da jini, ita kuma ta riga ta rufe littafi.

Abin da ban lissafa da shi ba shi ne Manaja. Shi ke kula da mulkin asibitin, ɗan aminin Hedimasta ne, kuma tun ranar da aka fasa aurenmu motarsa ba ta daina tsayawa a ƙofar gidan su Auta ba. Takardar a hannunsa ta faɗa.

Lauyan da aka ba ni mutum ne mai fara'a, mai tsohuwar kwat da ta ga shari'u da yawa. Ya je ya ga ainihin takardar, ya dawo yana murmushi kamar wanda aka yi wa albishir.

"Allah ya taimake ka da biron asibiti, ɗan'uwa. Tawada ta yanke daidai kan ƙugiyar. Abin da ido ke gani, da ne, ba ɗa ba. Za mu ce ka fara rubuta 'da shi na zo', matar ta fizge takardar. Babu ƙarya ke nan. Sauran kuwa taimakon rai ne, kowane alƙali zai sassauta."

"Amma na sa ƙugiya."

"Wa ya gani?"

"Ni."

Ya dube ni na ɗan lokaci. "Malam, 'yar lanƙwasa ce da ba ta kai ƙafar sauro ba. A kanta za ka ba da shekara biyu?"

Gaskiyar ita ce ban sani ba. Na san ƙamshin ɗakin da ake tsare mutane, domin na kwana tara a cikinsa kafin a ba da belina, kuma har yau ƙarar sakatarsa ba ta bar kunnena ba.

Ranar Asabar da la'asar ina ɗakina, Inna tana falo tana ninke wanki, na ji sallama. Wata goma sha ɗaya rabona da muryar Auta, amma kafin ta kai ƙarshen sallamar na riga na miƙe tsaye, hannuna a kan labule.

"Kada ka fito!" Inna ta ce da ƙarfi. "Ka karya uku, ba za ka karya na huɗu a falona ba."

"Ni wurinki na zo, Inna," in ji Auta. Na ji ta durƙusa ta gaishe ta. "Kotu ba ta hana ni gaishe ki ba."

"Ba ta hana ba, 'yata. Zauna. Kin rame."

Na saki labulen na zauna a ƙasa, na jingina da bango. Ta ƙarƙashinsa ina hango takalmanta a bakin ƙofa, da ƙurar alli a bakinsu. Daga makarantar da take koyarwa ta biyo, darasin Asabar.

"Inna, ki gaya masa na gode."

"Inna, ki gaya mata babu godiya. Yaya jikin Baba?"

"Ki gaya masa ya tashi, har ya fara yi wa masu jinya gyaran magana."

"Yau na ga ta kaina," Inna ta ce. "Na haifi ɗa, na zama wayar tarho. To ku ci gaba, layi a buɗe yake."

Auta ta yi 'yar dariya, dariyar ta karye a tsakiya ta koma kuka. Na danne bakina da hannu.

"Inna, Baba bai san shi ya ɗauko shi ba. Da ya farka, Manaja ya gani a kansa, ya yi ta sa masa albarka, shi kuma ya yi ta amsawa da amin. Sau uku ina fara gaya masa, da ya ji inda na nufa sai ya juya fuska bango. Likita kuma ya ce a kiyaye hawan jininsa. Abin da suka gaya masa kawai shi ne, wai an sake amfani da sunansa a takarda. Shi za su kira ranar Laraba ya ce ba ɗansa ba ne."

"Innalillahi," in ji Inna.

"Ba shi ke nan ba. Shekaranjiya Manaja ya zo da Yayanmu. Ya ce takardu suna ɓacewa a asibiti kullum, wannan ma za ta iya ɓacewa. In na amince a sa rana."

Na ji zuciyata tana bugun bangon da na jingina da shi.

"Me kika ce musu?" Ni na tambaya, na manta da Inna.

"Inna, ki gaya masa na ce a'a." Muryarta tana rawa, amma kowace kalma ta fito a tsaye. "Yaya ya ce ni ce zan ɗaure shi da hannuna. Ya ce in da gaske ina son sa da na cece shi. Kwana biyu ban runtsa ba ina auna maganar. Shi ya sa na zo. Ba na so ya ji a bakin wani cewa an buɗe masa ƙofa ni na rufe. In zai tsane ni, ya tsane ni da saninsa."

"Inna, ki gaya mata da ta ce i, da ni da kaina zan je in roƙi alƙali ya ninka mini shekarun."

"Wannan ba sai na gaya mata ba, maƙwabta ma sun ji."

"Amma akwai wata hanya," na ce. Na ba su labarin lauya da ƙugiyar da tawada ta cinye.

Na ji Auta tana share hanci.

"Inna, ki tambaye shi, ya sa ƙugiyar?"

"Na sa."

"To ni ba zan ce ya faɗa ba, ba zan ce ya ɓoye ba. Shi zai kwana a can, ba ni ba. Amma ki gaya masa shekara biyu ba za su tsofar da ni ba. Na iya jira, wata goma sha ɗaya na yi ina koyo." Ta miƙe. "Kuma ki ce ya riƙa cin abinci. Na ga ƙafarsa ta ƙarƙashin labule, duk ta zama kara."

Na janye ƙafata da sauri. Inna ta yi dariya har da hawaye, ta raka ta ƙofa. Da ta dawo ta ɗaga labulen ta tsaya a kaina.

"Ni uwa ce, so nake ka kwana a gida. Ba zan ce maka komai ba bayan wannan."

Ranar Laraba ɗakin kotun bai cika ba. Benci shida ne, da teburin alƙali mai koren ƙyalle, da agogon bango wanda ya tsaya tun zaman shari'ata ta farko. Manaja yana benci na gaba, turarensa ya riga shi cika ɗakin. Hedimasta yana kusa da shi, sanda a tsakanin gwiwoyinsa, tabon ɗinki a goshinsa. Bai dubi inda nake ba. Auta da Inna suna can baya, tsakaninsu tazarar mutum ɗaya.

Mai Rajista ta fara ba da shaida. Ta faɗi Alhamis arba'in da bakwai, ta faɗi ta arba'in da takwas, ta faɗi ƙarfe biyu da jinin da ke kafaɗar rigata. Ba ta ƙara ba, ba ta rage ba.

Lauyana ya tashi ya yi bayani mai tsawo a kan biro da tawada. Alƙali, dattijo mai magana a hankali, ya ɗaga takardar ya kai ta kusa da ido, ya nisanta ta, sannan ya dube ni.

"Tashi. Idona bai raba mini gardama ba, kai ka rubuta. Da ne, ko ɗa?"

Lauya ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Na tuna ƙarar sakata. Na tuna kuma ofis ɗin kamfanin nan, da yadda ake miƙo mini taswira a ce babu wanda zai duba. Sau nawa na ce wa kaina 'yar ƙaramar aba ce? Da irin waɗannan ƙananan na gina laifina tun daga tushe.

"Ɗa na rubuta, ya mai shari'a. Da ƙugiya."

Lauya ya zauna kamar tayar da aka sace wa iska.

"Ka san ba shi ya haife ka ba?"

"Na sani."

"To don me?"

"An tambaye ni me nake a wurinsa, a lokacin kansa yana kan kafaɗata yana zubar da jini. Tun ina shekara shida Baba nake ce masa. Ban sami wata kalma ba, kuma gaskiya ban nema ba."

A nan ne Hedimasta ya ɗago. Ba ni ya duba ba. A hankali ya juya wuyansa ya dubi Manaja, irin duban da muka sani a filin taron safe, wanda yake sa yaro ya fito da kansa kafin a kira sunansa. Manaja ya shiga gyaran agogon hannunsa.

Aka kira shi. Ya ƙi kujera, ya tsaya a kan sandarsa. Mai gabatar da ƙara, saurayi ne kusan sa'ana, ya matso.

"Baba, ka ba wanda ake tuhuma izinin sa hannu a madadinka?"

"Ina sume, yaro. Ka tambayi abin da za a iya amsawa."

Wani ya yi dariya a baya, ɗan sanda ya harare shi.

"A ba ni takardar," in ji Hedimasta.

Akawun kotu ya miƙa masa. Bai sa tabarau ba. Ya kifa takardar, ya shafa bayanta da ɗan yatsa, idanunsa a rufe, daidai yadda yake yi wa littattafanmu in yana son ya gane wanda ya goge amsa ya sake.

"Akwai ƙugiya," ya ce. "Tawada ce ta gaza. Bakin biron ya bi hanyarsa har ƙarshe, ga sawunsa nan. Shekara talatin da biyar ina faɗa da yara a kan wannan. Nakan ce musu 'da' haɗin magana ne kawai, 'ɗa' kuwa mutum ne, kada ku rage masa komai. Wannan ya sha bulala biyu a aji uku kafin ya riƙe."

"Uku ne, Baba," na ji bakina ya faɗa.

"Ba a tambaye ka ba."

Mai gabatar da ƙara ya gyara murya. "Ya tabbata ke nan. Tambaya ɗaya ta rage. Wannan mutumin ɗanka ne?"

Hedimasta ya gyara tsayuwa a kan sandarsa. Daga can baya na ji numfashin Auta.

"Yaron nan ya sa hannu a kan filin da bai taka ba, ya jawo mini asarar gumin rayuwata. Ban manta ba, ban kuma ce na yafe ba. A rubuta wannan."

"An rubuta," in ji alƙali.

"Waccan takardar, ya sa hannu a kan abin da bai gani ba. Wannan kuwa ya sa hannu a kan abin da ya goyo a bayansa. Ya san littafi yana jiransa a sama, ya san abin da ke bayan littafin, ya sunkuya. Yau kuma an ba shi ƙofa, na ji da kunnena, ya ƙi bi. Ni ban san wani suna da ake kiran irin wannan da shi ba. Ɗana ne."

"Ina nufin na jini, Baba."

"Takardar ba ta ce jini ba, dangantaka ta ce, na iya karatu. In kuwa jini kake nema, Hajiya ta gaya maka inda yake. Ka tambayi rigarsa."

Ban san hawaye suna zubo mini ba sai da suka ɗiga a kan teburin. Ban share ba, ban kuma sunkuyar da kai ba. Wata goma sha ɗaya ina tafiya a gefen titi kamar mai neman afuwar ƙasa, a ranar ne na ji tsawona ya dawo.

Alƙali ya daɗe yana rubutu. Da ya ɗago ya ce karya sharuɗɗa uku ta tabbata, kuma kotu ba ta sa sharaɗi don ado. Ya ce da na ɗaga waya na sanar da jami'ar daga asibiti, da yawancin wannan zama bai taso ba, kuma wannan sakaci irin na da ne. Amma ƙarya a takarda, wadda ita ce za ta sauko da ɗaurin, ba ta tabbata ba. Shekara biyun za su ci gaba da zama a jingine. Ya ƙara mini wata shida a kan lokacin sa ido.

Sannan ya dubi Hedimasta. "Sharaɗin nisantar gidanka, don kare ka aka sa shi. Kana son ya ci gaba?"

"A cire, ranka ya daɗe. Ba a gaishe ni ta bakin wani."

Daga can baya na ji Inna ta ce, "Alhamdu lillahi, na huta," da ƙarfin da ya sa ɗan sandan ya sake juyowa.

A baranda Manaja ya tare shi da mukullin mota a hannu. "Baba, bari in kai ka gida."

"Na gode da ɗaki mai sanyi da ka sa aka ba ni, Allah ya saka. Amma da na farka na yi maka godiyar ɗauka, ka karɓa. Ka gaishe mini da mahaifinka."

Manaja ya tsaya da mukullinsa. Babu wanda ya sake dubansa.

Na matso na durƙusa a gaban Hedimasta, a kan simintin barandar, mutane suna wucewa. Auta tana tsaye a bayansa, idanunta jajur, tana cizon leɓe kada murmushi ya kuɓuce mata. A karon farko cikin wata goma sha ɗaya na dube ta babu labule a tsakani.

"Baba, na gode."

"Tashi, kana tare wa mutane hanya." Ya bi idona ya ga inda ya tsaya, ya buga sandarsa a ƙasa. "Kada kanka ya yi girma. Ɗa na ce, ban ce suruki ba."

"Baba!" in ji Auta.

"Ke kuma ba da ke nake ba." Ya juyo gare ni. "Harafi biyu ka samu yau. Waccan kalmar da kake nema a gidana, ƙirga ta."

Na ƙirga da yatsu, kamar ɗan aji ɗaya. "Shida ne, Baba."

"Alƙali wata nawa ya ƙara maka?"

"Shida."

"To ka ga lissafi ya fita. Kowane wata harafi ɗaya, in na ga rubutun ya yi kyau." Ya miƙa wa Auta hannu ta riƙe, suka fara sauka. A mataki na uku ya tsaya, bai waiwayo ba. "Gobe Alhamis. Ka zo ka gaishe ni bayan ka sa hannu. Bayan, na ce, ba kafin ba. Ko da ka gan ni a ƙasa."

Auta ce ta waiwayo. Ta ɗaga yatsa ɗaya a bayan kafaɗar mahaifinta, ta zana harafin farko a iska.